Kujerar Wudil a Majalisar Dokokin Kano: Guguwa ko Cancanta?

Duk wanda ya bi tarihin zaɓe a mazaɓar Wudil tun daga 1999 zai lura cewa kujerar ɗan majalisar jiha ba ta tsayawa da ƙafarta. Rana ɗaya ake zaɓenta da ta gwamna, don haka ɗan takara kan ci albarkacin kaza ya sha ruwan kasko. Kano ta tafi PDP a 1999, ANPP a 2003, ta koma PDP a 2011, APC a 2015, sannan NNPP a 2023. Kalmar "sak" ta koya wa talaka duban alamar jam'iyya, ya bar duban mutum.

Guguwar 2023 ta kayar da Sanata Kabiru Gaya, wanda ke wakiltar Kano ta Kudu tun 2007, NNPP kuma ta kwashe kujeru 26 cikin 40 na majalisar. Sai ga shi a 2025 Kawu Sumaila, wanda ya kayar da Gaya, ya koma APC. Ina makomar ƙuri'ar da aka jefa wa alama?

A ganina, garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha, da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, da babbar kasuwar shanu ta ranar Juma'a, bai kamata ya miƙa wakilcinsa ga iska ba. Kafin zaɓe mai zuwa, a tambayi kowane ɗan takara: wane ƙuduri zai kai majalisa kan harajin kara da ambaliyar kogi?