Filin Sanin Halittu: Maƙwaƙƙwafi Mai Jan Ciki

A wannan wata za mu leƙa kurmin Afirka ta Yamma ne, mu gano wani tsuntsu da za ki ba yara labarinsa bayan cin tuwon dare. Shi ne maƙwaƙƙwafi mai jan ciki, ɗan uwan wannan mai launin toka da muke jin ƙwanƙwasarsa a itatuwan gonakinmu na Arewa.

Ana samun sa tun daga Saliyo da Laberiya, ya biyo ta Gana da kudancin Nijeriya har yammacin Kamaru. Tsawonsa kamar santimita 24 ne. Tsakiyar cikinsa ja wur, kamar garwashi. Namijin yana da ja a ka, ita kuwa macen kanta baƙi ne.

Abincinsa tsutsotsin da ke ɓoye cikin busasshen itace. Sai ya maƙale a jikin reshe da yatsu biyu gaba, biyu baya, ya dogara da jelarsa mai tauri, ya yi ta sara da baki har ya cim ma ramin tsutsa, sannan ya zura dogon harshensa ya jawo ta. Idan yara suka tambaye ki ko kansa ba ya ciwo (kuma za su tambaya), ga amsa: da ana cewa ƙoƙon kansa ne ke rage ƙarfin bugun, amma wani bincike na shekarar 2022 ya nuna kan maƙwaƙƙwafi kamar guduma yake aiki, ƙanƙantar ƙwaƙwalwar ce ke kare ta daga rauni.

Gida ma a busasshen itacen yake fafe shi. A dangin maƙwaƙƙwafi uwa da uba ne ke karɓa-karɓa wajen kwanci, kuma galibi namijin ne ke kwana a kan ƙwai. To, iyayen gida dai sun ji! In sun tashi daga ramin, wasu tsuntsayen da ba su iya fafe itace su tare a ciki.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mu riƙa ɗaukar mataccen itace a matsayin abin da ba shi da amfani sai a murhu. Wannan tsuntsu bai shiga jerin masu fuskantar ƙarewa ba, amma kurmin da yake zaune kullum raguwa yake, saboda noma da masu katako da masu ƙona gawayi, kuma busasshen itace shi mai neman makamashi ke fara sara.