Kada ku tsallake abin da ke tsakanin labaru

Yara, a makon jiya na kawo muku littafi na biyu na Magana Jari Ce. Da ƴan aji biyar suka ji an ambaci aku, sai ajin ya ɗauka da sowa, kamar an ce musu wani ɗan'uwansu ya komo daga tafiya. Amma na lura da yara uku ko huɗu da ba su yi murna ba. Na tambayi ɗayansu. Ya ce: "Malam, ai ni ban san akun nan ba." Alhali bara littafi na ɗaya ya kwana bakwai a gidansu.

Na san abin da ya faru, don ni ma na yi haka ina yaro. Sai mutum ya buɗe littafi, ya nemi inda labari ya fara, ya karanta, ya yi dariya, ya tsallake zuwa na gaba. Abin da ke tsakanin labari da labari kuwa, ya ce wannan surutun fada ne. Ni dai ina ganin wanda ya yi haka ya sha romo ya bar nama.

Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta littattafan nan uku a Zariya, cikin Najeriya. Na farko ya fito a 1937. Waɗansu labarun ya samo su daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya sa musu rigar Hausa. Amma bai zuba su haka nan ba kamar gyaɗa a tabarma. Ya yi musu zare, ya shirya su a kai. Zaren nan shi ne zumuncin Musa da Mahmudu.

Musa ɗan Sarki Abdurrahman ne, Mahmudu kuwa jikansa ne. Tare suka tashi kamar tagwaye. Da yaƙi ya taso, sarki ya tafi da Mahmudu, ya bar Musa a gida. Musa ya kasa zama. Kullum dare sai ya yi shirin bin abokinsa, bai san Waziri yana ƙulla masa sharri a waje ba. Aku ya sani. Ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin riƙe mutum, sai baki kawai. Don haka ya ke ba Musa labari, har gari ya waye bai fita ba.

Kun gani ke nan? Kowane labari a littafin nan ƙofa ce da aku ya rufe don Musa ya kai gobe da rai. Wanda bai karanta tsakani ba, bai san don me a ke ba da labarin ba. In mayaƙa suka komo gida, abokai suka sadu, shi ba abin da zai ji a zuciyarsa.

Wani uba ya tare ni ran kasuwa, ya ce: "Malam, tsuntsu yana magana? Ƙarya ku ke koya wa ƴaƴanmu?" Na ce masa gaskiya ne, babu akun da zai riƙe sarauta. Amma begen da Musa ya ke yi ba ƙarya ba ne. A nan Tibiri, wane gida ne ba a sani ba? In an gama kaka, an ɗaure dammunan hatsi, samari su kan tafi cin rani, wasu Birnin Kebbi, wasu Sakkwato, wasu har Legas. Ƙannensu su yi ta duban hanya har hadarin farko ya taso. Ni ma ina da aboki da muka rabu tun muna makarantar horon malamai. Shekara shida ba mu ga juna ba, sai bara a tashar mota ta Dogon Dutsi. Motarsa ta kusa tafiya ta bar shi. Uban nan bai ce ya yarda ba, amma ya daina faɗa.

A littafi na biyu aku ya zama waziri, ga kuma wani aku mai suna Haziƙ, za su yi gasar ba da labari. Waɗanda suka san irin wahalar da akunmu ya sha, tun yanzu sun zaɓi gefensu. Wata yarinya ma ta ce in aka kada shi ba za ta ci tuwo ba. Ba zan gaya muku wanda ya ci ba.

Littafi na ɗaya guda biyu ne gare mu, ɗaya bangonsa ya cire. Waɗanda suka tsallake, ku zo ku ara, kwana uku uku, ku karanta tun daga shafin farko. Sauran za su jira ku. Ran Juma'a ta sama za mu buɗe na biyu tare.