Darasin Kaɗa Nono A Makarantun Amurka: Wa Zai Biya Kuɗin Mota?

 Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, inda ake ta ja-in-ja a kan wani irin darasi da ake yi wa yaran firamare, da kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyinsa.

Ke uwargida, in aka ce miki a ƙasar da ake ji da ita wajen arziki akan kwashi yara a mota a kai su bayan gari don kawai a koya musu kaɗa nono su fid da man shanu, da kaɗin zare, da ɗebo ruwa, da wanki da hannu, na san dariya za ki yi. To, haka abin yake. A jihohi da yawa, yaro in ya kai aji huɗu, watau yana shekara 9 ko 10, akan koya masa tarihin jiharsu. A jihohin tsakiya da na yamma kuwa, babban kashi na tarihin nan labarin Turawan da suka yi ƙaura ne daga gabas suka kafa gonaki da garuruwa, waɗanda Amurkawa ke yi wa kirarin masu share hanya.

Tafiyar tasu ba ta wasa ba ce. Daga jihar Missouri zuwa Oregon mil 2,000 ne da 'yan kai, kuma a tsakanin 1840 da 1869 dubban ɗaruruwan mutane sun bi wannan hanya da rassanta, da amalanken shanu mai rumfa. Wata huɗu zuwa shida ake yi, yawancin mutane a ƙafa, ciwon kwalara kuwa ya kashe da yawa a hanya. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba da gona eka 160 ga wanda zai zauna ya noma ta shekara 5. Ku 'yan makaranta ku lura, dokar ba ta ware mata ba: budurwa mai shekara 21 ko wadda mijinta ya rasu tana iya karɓar gona da sunanta, kuma da yawa sun karɓa.

Don yara su fahimci wannan zamani aka gina gidajen tarihi masu kama da ƙauyuka sosai. A Conner Prairie da ke jihar Indiana akwai gari guda da aka tsara kamar ana cikin 1836, ma'aikatansa suna sanye da tufafin lokacin, suna girki da itace, suna ƙira. Yarinyar da ta yini a irin wannan wuri, ta ɗauki bokitin ruwa har kafaɗarta ta yi tsami, ba sai an sa ta haddace cewa matan da sun sha wuya ba. Abin lura kuma, mafi yawan abin da ake nuna wa yaran aikin mata ne, irin wanda littafin tarihi yakan tsallake ya tafi labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe.

To, ina matsalar take? Kuɗin shiga ba shi ne babban nauyi ba. Kuɗin mota ne, da ladan direba, da abincin rana. A Amurka, Gwamnatin Tarayya kusan kashi 10 cikin 100 kaɗai take bayarwa na kuɗin makarantu a yawancin shekaru. Sauran daga jiha yake fitowa da kuma yankin da makarantar take, shi kuma na yankin galibi harajin gidaje ne. Saboda haka unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta tana da ƙiba, unguwar talakawa kuwa sai haƙuri. In kuɗi ya yi ƙaranci, abin da ake fara sokewa shi ne fita da yara. Bayan tsukewar tattalin arziki ta 2008, wata ƙungiyar shugabannin makarantu ta gano cewa fiye da rabin makarantun da ta tambaya sun soke tafiye-tafiyen da suka shirya a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011.

Tun kafin nan ma tarihi ya zama ɗan bora. Dokar ilmi da ta fara aiki a 2002 ta ɗora wa makarantu jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, sai malamai suka riƙa yanko lokacin tarihi suna ƙara wa waɗancan biyu. Ba laifinsu ba ne, kowa ya san inda bulala take. A jarrabawar ƙasa ta 2022, kashi 13 cikin 100 kaɗai na 'yan aji takwas suka nuna sun ƙware a tarihin ƙasarsu.

Sa'an nan ga abin da ya faru a 2025. Ran 14 ga Maris Shugaba Donald Trump ya ba da umurnin a rage hukumar da ke tallafa wa gidajen tarihi da ɗakunan karatu iyakar abin da doka ta yarda. Kasafin hukumar a 2024 bai kai dala miliyan 300 ba, watau ko dala ɗaya bai kai ba a kan kowane Ba'amurke. A watan Afrilu kuma aka soke tallafin da wata hukumar tarayya ke bai wa majalisun raya tarihi da al'adu na jihohi, har sai da gidauniyar Mellon ta kawo agajin dala miliyan 15. Jihohi 21 suka kai ƙara a kan hukumar gidajen tarihin, wani alƙali a Rhode Island ya taka wa gwamnati burki a watan Mayu, kafin ƙarshen shekarar kuma aka maido da tallafin da hukumar ta soke. Amma ƙaramin gidan tarihi da ya sallami mai koyar da yara a tsakiyar wannan rikici, ba lalle ne ya iya maido da ita ba.

Masu goyon bayan ragin suna cewa wannan aikin jiha ne da na attajirai, kuma yaron da bai iya karatu ba me kaɗa nono zai amfana masa? Tambayar tana da nauyi. Sai dai akwai amsa daga jihar Arkansas. Da aka buɗe gidan zane-zane na Crystal Bridges a 2011, makarantun da suka nemi zuwa sun fi ƙarfin wurin, sai aka yi ƙuri'a. Masana daga jami'ar jihar suka gwada yara kusan 11,000, waɗanda suka je da waɗanda ba su kai ga zuwa ba. Waɗanda suka je sun fi iya nazarin abin da suka gani, sun kuma fi fahimtar halin da mutanen da suka zauna ciki. Yaran ƙauye da na makarantun talakawa su ne suka fi kowa ƙaruwa. Gidan zane ne, ba gonar tarihi ba, amma ki dubi sirrin: gidan ne ya biya mota, ya ba da abincin rana, ya biya malamin da zai riƙe aji.

Inda babu irin wannan gata, a kan wa nauyin yake faɗawa? A kan mata. Kusan 9 cikin 10 na malaman firamaren gwamnati a Amurka mata ne, kuma an san su da cire kuɗi daga albashinsu su sayi kayan aji. Iyaye mata na ƙungiyar iyaye da malamai su ne ke toya kek su sayar, su ɗinka wa yara tufafin zamanin da, su raka su a mota. Uwar da mijinta ke da hali tana da lokacin wannan. Wadda ke aikin kanti ana biyanta bisa awa, in ta raka yara yini guda, ladan ranar ya tafi. A ganina, darasin da ya dogara ga kek ɗin iyaye mata bai shiga manhaja ba tukuna, alfarma ce kawai. Jihar da ta ce dole ɗan aji huɗu ya san tarihinta, ita ya kamata ta sa kuɗin mota cikin kasafinta, ta kuma fara da makarantun da suka fi talauci.

Akwai kuma abin da mai biyan kuɗi ya kamata ya tsaya a kansa. Ƙasar da aka raba wa Turawan nan ba kango ba ce, da masu ita. Wanda Bature ke kira mai share hanya, ɗan asalin ƙasar ɗan kama-wuri-zauna yake ganinsa, domin an kori ƙabilu da yawa daga gonakinsu da wuraren farautarsu kafin a yanka eka 160 ɗin. A gonar tarihi ta Living History Farms da ke jihar Iowa, ban da gonar Bature ta 1850, akwai gonar ƙabilar Ioway ta 1700, inda yara ke ganin masara da wake da kabewa waɗanda matan ƙabilar ke nomawa tun Turawa ba su zauna wurin ba. Jihar Oregon kuwa ta kafa doka a 2017 cewa a koyar da tarihin ƙabilunta tara a makarantun gwamnati, ta ware kuɗi ta bai wa ƙabilun don su rubuta darussan yankunansu da kansu, aji huɗu na cikin azuzuwan da aka fara da su.