Kafin Mu Yi Mafarkin Maldibs, Mu Dubi Kogin Kaduna



Ranar Asabar yayana ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wani farin jirgin ruwa ne na alfarma, da ɗakunan kwana da kicin da masu dafa abinci, yana yawo a tsakanin tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya. Attajirai kan yi hayar irin wannan jirgi na mako guda, kuma kuɗin manya daga cikinsu yakan wuce dala 100,000. Da na ba da labarin a aji, wasu suka ce almubazzaranci ne, wasu suka ce in Allah ya ba su, can za su fara zuwa.

Ni ban ga laifin mai wannan buri ba. Amma na tambayi kaina: me attajiran ke saye da wannan kuɗi? Abu biyu na gani: ruwa mai tsabta wanda ake hango kifi a cikinsa, da kwanciyar hankali cewa za a dawo gida lafiya. Maldibs ƙasa ce ta Musulmi mai tsibirai fiye da 1,000, kuma yawon buɗe ido ne babbar hanyar samun kuɗinta. Sun san ruwa ne jarinsu. A 2009 har shugabansu Mohamed Nasheed ya yi taro da ministocinsa a ƙarƙashin teku, domin duniya ta san cewa ruwan teku na ƙaruwa, yana neman cinye ƙasarsu.

Mu ma muna da ruwa. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya raba garinmu biyu, ya je ya faɗa Kogin Neja. A bakinsa Ƙofar Gamji take, inda aka kafa tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. To amma duk wanda ya je bakin kogin zai ga leda da robobi. Ledar ruwan da muka sha muka yar a kwata, can take ƙarewa. Idan damina ta yi ƙarfi kuma, kwatoci su toshe, ruwa ya shiga gidajen mutane.

Maganar tsira da rai ta fi wannan tayar da hankali. A watan Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, mutane aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne, sa'o'inmu. Allah ya jiƙan su. Mai hayar jirgin alfarma yana da rigar kariya ko bai tambaya ba. Me ya sa ɗan talaka mai shiga kwalekwale ba zai samu ba?

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, amma ai ba gwamnati ke yar da leda a bakin makarantarmu ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Mu daina zuba shara a kwata. Kada mu shiga kwalekwalen da aka cika maƙil ko wanda babu rigar kariya, ko da za mu makara. Malamanmu kuma, don Allah a kai mu Gamji, mu ga kogin da muke karantawa a littafi.

Kowa ya gyara ya sani. Wata rana baƙi ne za su biya kuɗi su zo kallon kogin namu.

Daga wani ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.