Wagini ta iya gudun ɗan bindiga, saura ta koyi gudun wuta

A Wagini da sauran garuruwan da ke bakin dajin Rugu, tsakanin Batsari da Safana, ba a koya wa kowa abin da zai yi in an ji harbi cikin dare. Uwa ta san ɗan da za ta goya da wanda za ta ja a hannu. Maigida ya san kafar da iyali za su bi da inda za a haɗu in gari ya waye. Shekarun wahala ne suka karantar da su. Amma a tambayi mutumin nan yadda zai yi in wuta ta kama rumfar kasuwa, ko ajin da ɗansa ke karatu, ko ɗakin haihuwa a asibiti, amsarsa ba ta wuce "Allah ya kiyaye".

Amin. Sai dai da yawa sun ɗauki zancen shirin gobara a matsayin mugun fata, kamar ambatonta ne ke kiranta. A ofisoshi kuwa, atisayen fita daga gini wasan yara ake ɗaukarsa. Inda ma aka rataye jar tukunyar kashe wuta, da wuya a sami wanda ya taɓa ɗaga ta, balle ya duba ko wa'adinta ya ƙare.

Addini bai goyi bayan wannan sakaci ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Malaman da ke karantar da wannan hadisi su ne ya fi dacewa su ja gaba.

Maƙwabta kuma sun gani a jikinsu. A Nuwamban 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare a Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu, watanni bakwai kacal bayan irin haka ta halaka yara 20 a Yamai. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka ƙone cikin dare a wata tsangaya a Ƙauran Namoda. Babbar kasuwar Katsina ta kama da wuta a Maris ɗin 2021, a cikin birnin da hedikwatar 'yan kwana-kwana take, duk da haka an yi asarar dukiya mai yawa. To ina ga ƙauyen da zana da kara da jinka suka kewaye, ga iskar hunturu?

Abin da ya fi damun mai lura shi ne, matakan da aka ɗauka don tsoron ɓarayin daji su ne za su zama tarko ranar gobara. An sa ƙarafuna a tagogi. An toshe ƙofar baya, an bar guda. Ana danna wa ɗakin kwanan ɗalibai kwaɗo, mai mabuɗin ya tafi gida. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ba wanda zai zargi shugaban makarantar da ya ƙara tsaro. Amma ɗakin da ɓarawo ba zai iya shiga ba, yaro ma ba zai iya fita ba in hayaƙi ya turnuƙe. Ga kuma jarkokin man 'yan bumburutu jingine da shagon cajin waya, janareta na ruri a gefe.

Dogaro da kiran waya ma ba shiri ba ne. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Ko da layin yana aiki, rumfar zana ta gama ci kafin motar ruwa ta kama hanya. Waɗanda ke wurin a mintunan farko su ne 'yan kwana-kwanan gaskiya.

Masu ganin atisaye ɓata lokaci ne suna da 'yan uwa har a Amurka. Rick Rescorla, shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York, ya sha tilasta wa ma'aikata, har da manyansu, su bar aiki su gangara matakala biyu-biyu, suna gunaguni. Ranar 11 ga Satumban 2001, da aka kai wa ginin hari, kusan dukkan ma'aikatan, su kimanin 2,700, sun fita da ransu. Shi ya koma neman saura, bai fito ba.

Abin da Wagini ke buƙata bai kai kuɗin buhun taki ba. Shugaban makaranta ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya kowane zango, yara su fita a layi zuwa wuri sananne, a kira suna. Alaramma ya tabbatar mabuɗi yana kwana cikin ɗaki a hannun babban almajiri. Sarkin kasuwa ya sa a aje bokitan yashi, a nisanta masu mai daga masu suya, a kuma gaya wa kowa cewa wutar fetur ba ta jin ruwa. Dagaci da masu unguwanni suna da bakin da za a ji, kuma lokacin yin maganar shi ne bayan girbi, kafin a jibge kara a bayan ɗakuna.