Leburan Dogo Ma Ɗan Wani Ne

Duk lokacin da gwamnati ta tayar da maganar farfaɗo da jirgin ƙasa, abin da 'yan kasuwarmu na Paga da Bawku da Aflao suke fara tambaya shi ne nawa za a riƙa ɗauko buhun albasa daga kan iyaka zuwa Kumasi. Ba mu ga laifinsu ba, domin wanda ya san abin da tirela da shingayen hanya suke ci a jikin albasar Galmi kafin ta iso, dole ya yi marmarin tarago. Amma mu a nan Anloga muna da wata tambayar da muke so a haɗa da waccan: shin yaron da zai shimfiɗa ƙarfen nan, idan ya mutu a bakin aiki, wa zai san sunansa?

Mun yi wannan tambaya ne saboda an taɓa yi. Layin da Turawa suka faro daga Sekondi ya isa Tarkwa a 1901, ya shigo Kumasi a 1903. Na Accra kuwa sai a 1923 ya haɗe da Kumasi, zamanin Gwamna Guggisberg. Sunan gwamna yana cikin littafin 'yan makaranta. Waɗanda suka sare dajin, suka haƙa ƙasar, suka ɗauki katako da ƙarfe a ka, ba mai kawo sunan ko ɗaya daga cikinsu. Da yawansu samari ne daga ƙananan garuruwan Arewa, waɗanda Bature yake aika wa sarakuna cewa a kawo mutum kaza, sarki kuma ya bi gida-gida ya cika adadi. Wasu an kai su aikin dogo, wasu ramukan zinariya na Tarkwa da Prestea, inda mace-mace suka yi yawan da sai da aka turo wani likita, Farfesa Simpson, daga Ingila a 1924 ya yi bincike. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun san irin wannan, su da suke kiransa aikin diga, lokacin da aka ja layi daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911.

A duba rayuwar irin wannan saurayi. Ya bar gona da damina bai kai shekara ashirin ba, ya tako da ƙafa har kurmi, inda ruwa da abinci da harshe duk ba nasa ba ne. Yana kwana a bukkar sansani, sauro na cizo, tari na kama wannan ya bar wancan. In ya faɗi, abokan aiki su haƙa rami a gefen layi, in an yi sa'a akwai mai karatu a cikinsu ya sallace shi. Uwarsa tana can tana tambayar duk fataken da suka dawo daga Kudu. Iyakar tarihinsa ke nan.

To, wa ya ci moriyar guminsa? A nan fa sai mu faɗa wa kanmu gaskiya: har da mu. Goron da kakanninmu suke kaiwa ƙasar Hausa a kan jakuna ta Salaga, tafiyar watanni, shi ne ya koma shiga tarago daga Kumasi zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai Ikko, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane amfanin wannan hanya ta ruwa. Zangon Kumasi da muke taƙama da shi ya cika ya batse ne a wannan zamani. Saboda haka ɗan kasuwar Zango ba zai ce maganar lebura ba ta shafe shi ba.

Wani zai ce ai wannan zamanin Turawa ne, ya wuce. Tilas ɗin ta wuce, haka ne. Ma'aikatan reluwe kuma ba su zauna sun naɗe hannu ba, su ne ƙashin bayan yajin aikin 1950 da ya girgiza mulkin mallaka, su ne kuma suka ja daga da Nkrumah kansa a Sekondi da Takoradi a 1961. Sai dai waɗancan masu ƙungiya ne, masu lamba da takardar albashi. Yaron da muke magana a kai a yau ba ya cikin ƙungiyar kowa. Ɗan kwangila ne yake ɗaukarsa da safe ya sallame shi da yamma, babu takarda, babu hular kwano, wani lokaci da silifas yake aiki a kan tsakuwa. Kuma idan ma'aikatan kamfanin reluwe na dindindin sun yi ta kukan bashin albashi na watanni a 2025, ina ga wanda ko sunansa ba a rubuta ba?

Aikin ma bai daina zama mai hatsari ba. A watan Afrilun 2024 sabon jirgin da ake gwadawa a layin Tema zuwa Mpakadan, mai tsawon kimanin kilomita 97, ya yi karo da wata babbar mota da aka bari a kan dogo. Wannan layi ne ake fatan wata rana a ja shi har Paga ya shiga Burkina Faso, wato ya ratsa ainihin garuruwan da aka kwaso leburorin farko. Su waye za su yi dakon tsakuwa a wannan karon in ba 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka gama sakandare suke zaune ba?

Abin takaicin shi ne doka tana nan, sani ne babu. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya, a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta ɗora wa mai aiki biyan diyya idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Amma mu da an kawo gawa sai mu ce kwana ya ƙare, a karɓi ɗan abin sadakar uku a yi shiru. Kwana ya ƙare, ba musu. Sai dai yarda da ƙaddara bai taɓa hana karɓar diyya ba, malamanmu sun fi mu sanin haka, kuma haƙƙin marayu da gwauruwa ba namu ba ne balle mu yafe.

Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da dillalan shanu suna da bakin da ake ji, domin duk ɗan siyasar da yake neman ƙuri'ar Zango sai ya zo gabansu ya durƙusa. Ranar da ya zo da alƙawarin jirgi, bayan an gama tambayar kuɗin buhu, a tambaye shi ko ɗan kwangila zai rubuta sunan kowane lebura da garinsu da magajinsa, ko zai biya masa SSNIT, da kuma ofishin da uba zai nufa idan ɗansa bai dawo ba. Sarakunan Zango kuma su ajiye nasu littafin, duk yaron da zai tafi aikin dogo a rubuta shi da sunan wanda ya ɗauke shi kafin ya hau mota.