Shin Sai An Tambayi Addinin Ɗan Gudun Hijira Kafin A Buɗe Masa Ƙofa?

A wannan makon zan taɓo wata magana da muke ɗauka ta ƙasashen Turawa ce kaɗai, alhali tana bakin ƙofarmu. Jihar Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin. Duk ranar da wuta ta tashi a tsallake, ta Kamba ko Dole Kaina ko Lolo mutane za su kwararo mana. To, idan sun zo, addininsu za mu fara tambaya, ko kuwa abin da ya koro su?

Wasu ƙasashe sun riga sun ba da tasu amsar. A 2015, lokacin da Siriyawa ke tururuwa zuwa Turai, gwamnatin Silobakiya ta ce Kiristoci take so a kawo mata. Ranar 27 ga Janairun 2017, Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa hannu a dokar da ta hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga, ta kuma fifita masu neman mafaka daga tsirarun addinai, har sai da kotuna suka taka mata birki. A Disambar 2019, Indiya ta yi dokar da ta sauƙaƙa zama ɗan ƙasa ga Hindu da Kirista da wasu addinai huɗu da suka gudo daga Pakistan da Bangaladash da Afganistan, amma ta tsame Musulmi. Mun yi tir da waɗannan matakai, kuma da gaskiyarmu. Sai dai wanda ya ƙi a yi masa abu, bai kamata shi ya yi wa wani ba.

Dokar duniya ta rarrabe al'amarin sarai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta lissafa addini cikin dalilai biyar da idan aka tsangwami mutum a kansu ya cancanci mafaka. Sashe na uku kuma ya hana ƙasar da ta karɓi baƙi ta bambanta tsakaninsu saboda launi ko addini ko ƙasar asali. Wato ana sauraron maganar addini domin a gane abin da ya kori mutum daga gida, amma ba a mayar da ita kuɗin shiga. Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya da kuma ta ƙungiyar haɗin kan Afirka ta 1969, ta kuma kafa hukumar 'yan gudun hijira a 1989.

Mu kuwa tun kafin 1951 muke da namu darasin. Sahabban da suka fara hijira Habasha suka nufa, wajen Najjashi, sarki Kirista, kuma ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da aka kawo masa. Aya ta shida a Suratut Tauba ta umarci Annabi (SAW) ya ba mushirikin da ya nemi mafaka kariya, ya ji maganar Allah, sannan a raka shi inda zai aminta. Ba a shar'anta masa ya musulunta ba. A nan gida ma, Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya tsere wa matsin Gobir ya zauna Gimbana a ƙasar Kabi. Harin da dakarun Yunfa suka kai wa Gimbana na cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Jikokin masu hijira bai dace su manta zafin ƙaura ba.

Wani zai ce, Malam, ai maganar tsaro ce, wanda muke salla tare ya fi saukin amincewa. Ban raina wannan tsoro ba, amma mu tuna Lakurawa. Da rigar addini suka shigo yankunan Gudu da Tangaza, suna wa'azi suna karɓar zakka, aka yi musu kallon masu taimako. Su ne kuma suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Da addini aka tantance su a kan iyaka, da sun wuce salin-alin. Abin da ke tsare gari shi ne rajista, da binciken makami, da sanin inda baƙo ya fito da wanda ya tsaya masa. Wannan aikin jami'an shige da fice ne tare da hakimai da masu unguwanni.

Mu kuma tuna cewa yau da gobe ba ta bar kowa ba. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke fake a jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A kudancin jiharmu, hare-haren ƙasar Zuru sun raba Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya da gonakinsu, harsashi bai tambayi kowa sunansa ba.

Don haka ina kira ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru su tsaya kan ƙa'ida guda: a raba tallafi bisa buƙata, kada addini ya sa a gabatar da wani ko a jinkirta wani. Masallaci da coci kowa ya ciyar da wanda yunwa ta kawo ƙofarsa, ba tare da neman ya canja alƙibla ba. Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka, kuma bai ware wani baƙo ba.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.